Bindigogin da Suka Shigo Zazzau a 1902

Wanda duk ya fito birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya nufi Tudun Wada, yana tafiya ne cikin unguwar da ba a san ta ba sai bayan zuwan Turawa. To, ya kamata ma'aikatan Sarki su san yadda Turawan nan suka shigo, da irin makamin da sojansu suka rataya, domin nan ne mafarin tsarin En'e a ƙasar nan.

Zazzagawa sun san bindiga tun kafin Nasara. Sarkin Zazzau Yero ya tara bayi 'yan bindiga, ɗansa Kwasau kuwa ya gaje su sa'ad da ya hau gado a 1897. Amma yawancin abin da ke hannunsu bindigar toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe, a daddaƙa, sa'an nan a harba. Kafin mutum ya sake ɗuri mai doki ya cim masa. In abokin gaba ya wuce yadi 100, samunsa sai sa'a, in kuwa ruwan sama ya jiƙa albarushi, bindiga ta zama sanda.

Akwai dalilin da ya sa suka tsaya ga wannan. A 1890 manyan ƙasashen Turai suka taru a birnin Burasal suka ƙulla sharaɗi, suka hana a sayar wa mutanen yawancin ƙasashen Afirka bindigogin zamani da harsashinsu, suka bar musu ta toka kaɗai. Saboda haka ko sarki ya sami ta zamani ta hannun fatake, ran da harsashi ya ƙare ta zama kayan ado, don maƙeranmu suna iya gyaran ta toka, ana kuma haɗa albarushi a gida, amma harsashin tagulla sai daga Turai.

Ana nan sai fitina ta tashi tsakanin 'yan gida ɗaya. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kontagora jinin Shehu ne, shi da Sarkin Zazzau duk Sakkwato suke bi. Da Turawa suka ci Kontagora a farkon 1901, ya fito da jama'arsa ya faɗa ƙasar Zazzau, yana cin garuruwa yana kama mutane. Da abin ya buwayi Sarki Kwasau, ya aika wa Turawa su kawo masa gudunmawa. Suka zo, a farkon 1902 Kyaftin Abadie, wanda ake kira Mai Jimina, ya kama Nagwamatse. A shekarar nan aka ajiye soja a Zariya, Mai Jimina ya zama Razdan.

Sojan nan na rundunar da Lugga ya kafa ne, wadda aka soma haɗawa a 1897. Hafsoshi Turawa ne, amma masu riƙe da bindiga galibinsu Hausawa ne da Yarabawa. Sojan Kamfani da suka ci Bida da Ilori a 1897 bindigar Snider suka ɗauka. Na Lugga kuwa aka ba su gajeriyar Martini-Enfield, watau tsohuwar Martini-Henry ta 1871 wadda aka sake wa baki don ta ci ƙaramin harsashi. Ita ta gindi ake ɗura ta. Soja ya danna mariƙi ƙasa, kwanson da ya harba ya fice, ya sa sabon harsashi, ya mai da mariƙi, ya harba. Gwani yakan yi harbi kamar 10 cikin minti guda, yana tsugune ko yana kwance, ya sami mutum daga yadi 400. Ruwa kuwa ba ya hana ta tashi.

Amma fa ba ƙarfen kaɗai ne ƙarfinsu ba. Ana koya musu su jeru kusurwa huɗu, kada kowa ya harba sai an ba da umurni, sa'an nan su saki wuta gaba ɗaya. Ana biyansu albashi, 'yan alaro suna biye da akwatunan harsashi, kowane harsashi da lissafinsa. Ga kuma bindiga mai ruwa da igwa suna taimakonsu. Wannan shi ya karya barade masu lifidi.

To, sai ga shi baƙon da aka kira ya kori ɓarawo ya zauna a zaure. Shekarar ba ta ƙare ba aka kama Sarki Kwasau aka fitar da shi daga ƙasarsa, daga baya aka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1907. Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja fiye da 700, ran 3 ga Fabrairu ya ci Kano. A shekarar nan aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi Sarkin Zazzau, ba Wazirin Sakkwato ya naɗa shi ba kamar yadda aka saba, Lugga ne.

Ba mu kawo labarin nan don zargin Sarki Kwasau ba, gama talakawansa ake kamawa, ba shi kuwa da makamin da zai kare su. Abin lura shi ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da 'yan'uwa sun kashe wutarsu tun tana ƙarama, da ba a aika neman mai bindiga ba. Ku da ke riƙe da amanar jama'a, in gardama ta taso tsakanin hakimi da hakimi, ko gari da gari, ku tuna wanda aka kira ya raba faɗa da makamin da ba ku da irinsa, shi ke faɗin ranar da zai tafi.