Daga Damtse Zuwa Aljihu: Tarihin Ɗaukar Wuƙa a Ƙasar Kontagora

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga manyan makamai, wato takobi da mashi da kwari da baka, daga baya kuma bindiga. Aikin A.D.H. Bivar na 1964 a kan makaman Arewa, da na J.P. Smaldone na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, duk a nan suka fi ƙarfi. Ƙaramar wuƙa kuwa, wadda take tare da mai ita dare da rana, ba ta sami irin wannan gata ba, wataƙila saboda abin da ido ya saba gani ba ya ɗaukar hankalin marubuci.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan wuƙa a ƙasar Kontagora, daga kafa garin a 1864 zuwa yau, kuma mafi yawan hujjar da za a dogara da ita ta harshe ce. Bahaushe yakan raɗa wa wuƙa suna ta hanya biyu. Ko dai ya kira ta da aikinta, kamar wuƙar yanka da wuƙar fawa, ko kuma da wurin da take zama a jikinsa, kamar wuƙar hannu da wuƙar ƙugu da wuƙar aljihu. Sunayen rukuni na biyu ba lokaci ɗaya suka yi tashe ba. Idan aka jera su bisa zamaninsu, za a ga cewa wuƙa ta yi ta ƙaura ne daga inda kowa yake ganinta zuwa inda ba mai gani, kuma kowace ƙaura tana da dalilinta a tarihin garin.

2.0 Matsayin Wuƙa Kafin Kafa Kontagora

Tun a labaran kafuwar ƙasashen Hausa wuƙa take da mazauni. Labarin Bayajida ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera masa makamin da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da shi a Daura. A Katsina kuma, Gajere, ɗan guntun takobin da ake dangantawa da Sarki Korau, yana cikin kayan sarauta. Ko da an ɗauki waɗannan labarai a matsayin tarihihi kawai, sun isa shaida cewa mulki da kaifi tare Bahaushe yake tuna su.

Ta fuskar kalmomi akwai abin lura. Kalmar takobi tana da 'yar'uwa a harshen Buzaye, wato takoba. Hamila, igiyar da ake rataya takobi da ita, daga Larabci ta zo, haka ma almakashi. Wannan ya yi daidai da abin da Heinrich Barth ya tarar a Kano a 1851, inda ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takubba wajen 50,000 a shekara ta hanyar Sahara, mafi yawansu ƙirar garin Solingen na Jamus, sannan a yi musu ƙota da kube a gida. Wuƙa da aska kuwa aikin maƙerin unguwa ne, da tamar da aka narka a ƙasa. Takobi na mai hali ne, wuƙa ta kowa ce.

Ƙasar da daga baya ta zama masarautar Kontagora ta Kambari ce da Dukkawa da Kamuku da maƙwabtansu, amma Hausawa sun san ta tun da daɗewa, domin ta cikinta ɗaya daga hanyoyin fataken Gwanja ta ratsa. Hugh Clapperton ya bi ta Kulfo da Wamba a 1826 a kan hanyarsa daga Busa zuwa Kano. Farken da zai yi watanni a hanya ba ya rabuwa da wuƙa: da ita zai gyara igiyar mangala, ya fere sanda, ya kuma yanka abin da zai ci, tunda Musulmi ne yana tafiya cikin ƙasar da ba kowa ne zai yi masa yankan da ya yarda da shi ba.

3.0 Zamanin Sansani: 1864 Zuwa 1901

Umaru Nagwamatse ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kontagora a 1864, ya rasu a 1876. Ɗansa Modibbo ya gaje shi, sannan Ibrahim Nagwamatse ya hau a 1880. A duk wannan tsawon lokaci garin ya fi kama da sansanin yaƙi, inda ake fita hari da rani a komo da bayi da ganima. Ba a buƙatar a yi wa wannan zamani kwalliya. Garuruwan Kambari da na Gwari da dama sun watse a cikinsa, jikokin waɗanda abin ya shafa kuwa ba su manta ba.

A irin wannan gari ne wuƙar hannu ta yi tashe. Wuƙa ce mai kaifi biyu da tsini, kubenta yana da zoben fata wanda ake zura hannun hagu a ciki, ta zauna a damtse ko a tsintsiyar hannu, yadda hannun dama zai iya zaro ta nan take. Buzaye da Barebari duk sun san ta, ita ce makamin ƙarshe na mayaƙi idan mashi ya tafi, takobi ya kuɓuce, aka zo gaba da gaba. Hannun riga yana iya rufe ta, amma ba don a ɓoye ta aka yi ta ba. Adon da ake yi wa kubenta da jar fata da koriya da baƙa, da tagullar da ake naɗa wa ƙotarta, sun nuna cewa abin nunawa ce. Mutum uku ne suke haɗuwa a kanta: maƙerin baƙi ya ƙera ruwanta, maƙerin fari ya yi wa ƙota ado, baduku ya ɗinka kube. A nan ya kamata mai nazari ya yi hattara, domin a wannan ƙasa dukawa masu ɗinkin fata daban, Dukkawa mutanen Dukku da Rijau daban, ko da yake rubutun boko yakan haɗa su wuri ɗaya idan marubuci ya yi sakaci da baƙi guda.

Waɗanda suka kafa garin daga ƙasar Sakkwato da Zamfara suka gangaro, da karin harshensu na yamma, wanda a cikinsa yuƙa ake cewa ba wuƙa ba, kamar yadda ake samun wuni da yini. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo siffofin biyu. Ita kuwa daidaitacciyar Hausa ta makaranta da rediyo wuƙa kawai ta sani.

Akwai wani ƙarfe da ya fi wuƙar hannu ƙanƙanta, amma aikinsa a wancan zamani bai gaza nata ba, shi ne askar wanzami. A ƙasar da ake kama mutum a sayar, tsagar fuska ita ce takardar shaida. Da ita ake gane ɗan gida da bare, da ita kuma wanda aka raba da danginsa yana ƙarami zai iya sanin asalinsa bayan ya girma. Wanzami yana da askar aski da ta tsaga da ta kaciya, kowace da siffarta, duk cikin zabira ɗaya, kuma zabirar nan gado ce daga uba zuwa ɗa.

Inda kaifi ya zama abin tsoro kullum, dole a nemi makarinsa. Daga nan ne maganin ƙarfe ya sami kasuwa, 'yan tauri kuma suka sami fage. Wasan da suke yi a yau, na goga wuƙa a ciki ko a wuya a gaban makaɗi, ragowar wancan zamani ne da tauri yake guzurin yaƙi.

4.0 Zuwan Turawa da Sauyin Mazauni

Sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Kemball sun ci Kontagora a watan Janairu 1901. Sarki Ibrahim ya fice zuwa ƙasar Zazzau, aka kama shi a 1902, aka kai shi gudun hijira, sannan aka mayar da shi gadonsa a 1903, ya ci gaba da sarauta har rasuwarsa a 1929. Hari ya ƙare. Barade suka koma noma da fatauci da fadanci, takobi da wuƙar hannu suka zama kayan hawan salla. Maganar nan ta mayar da wuƙa kube, wadda ake yi wa wanda ya janye daga rigima, a nan ta tabbata a zahiri.

Wuƙar da ta rage a jikin mutane ita ce ta ƙugu, mai kaifi ɗaya, wadda ake sokewa a mazagin wando ko a ɗamara a ƙarƙashin riga. Ta mahauci ce da maharbi da makiyayi da manomi. Bambancin kaifi ɗaya da kaifi biyu ba ƙarami ba ne, harshe ma ya riƙe shi: mutum mai kaifi ɗaya shi ne wanda ba ya magana biyu, abin da aka ce yana da kaifi biyu kuwa shi ne mai cutar kowane ɓangare. Wato wuƙar aiki ce Bahaushe ya ara don yabo, ta faɗa kuma don gargaɗi.

Ƙarfen kansa ya canza. Hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano ta bi ta Zungeru, wadda ta kasance hedikwatar Arewa daga 1902 zuwa 1916, kuma ba ta da nisa sosai da Kontagora. Sandunan ƙarfe na kanti da guntayen ƙarfen jirgi, daga baya kuma sifirin ɗin mota, sun fi tama araha da sauƙin samu. A hankali narkar da tama ta mutu. Maƙeri ya tsira da uwar maƙera da zugazugi da awartaki da masaba, amma rabin ilminsa, wato sanin dutsen da yake da ƙarfe da itacen da gawayinsa yake narka shi, ya tafi tare da kalmominsa.

Cikin kayan kanti ne wuƙa mai naɗewa ta shigo. Ba ta buƙatar kube, domin ƙotarta ce kubenta, saboda haka ba ta buƙatar baduku. Garuruwa uku na Turai ne suka shahara da ita: Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus, Thiers a Faransa. Wasu nau'o'in ma don kasuwar ƙasashen da ake mulka aka ƙirƙire su, kamar Okapi da aka fara yi a Solingen a 1902, da Douk-Douk da aka fara a Thiers a 1929, wadda ta bazu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka. Hausawa ba su ari sunan baƙuwar ba. Sun haɗa tsohuwar kalmarsu da aljihu, wadda ita ma tsohon aro ce daga Larabci. Reza kuwa, wadda ta zo ta raba wanzami da rabin cinikinsa, da sunanta na Ingilishi ta zauna.

Wanda ya fi kowa samun biyan bukata da wuƙar aljihu shi ne malamin allo, wanda kullum yake fiƙe alƙalamin gamba ko na kara. Abin sha'awa, sunan da Ingilishi ya ba ƙaramar wuƙar aljihu shi ma daga fiƙe alƙalamin gashin tsuntsu ya samo asali. Bayan malami sai dattijon da haƙori ya gaza, mai yanka goro ƙanana kafin ya kai baki, sai direba da tela da mai sayar da rake.

5.0 Zargi da Ajiya

Daga shekarun 1950, lokacin hamayyar NPC da NEPU, wuƙa ta fara samun baƙin suna a biranen Arewa ta hannun 'yan banga, abin ya ƙaru a Jamhuriya ta Biyu, 1979 zuwa 1983, da bayanta, ta hannun 'yan daba. Kalmomi irin su barho da gariyo da barandami, waɗanda asalinsu na sana'a ne ko na farauta ko na yaƙin da, yanzu matashi ya fi jin su a labarin ta'asa. A ƙasar Kontagora kuma, hare-haren 'yan bindiga a yankunan Mariga da Rijau da Magama da Mashegu sun jawo shingayen bincike a hanyoyi, inda wuƙar da ke aljihun matafiyi take iya zama abin tuhuma. Akwai rashin adalci a cikin wannan, domin ba da wuƙar goro ake tayar da ƙauye ba. Amma sakamakon ke nan: wuƙa ta bar damtse, ta bar ƙugu, yanzu tana barin aljihu ta koma adaka.

A Turai da Amurka tara wuƙaƙen gargajiya sha'awa ce mai ƙungiyoyi da mujallu da ranakun baje koli, inda ake duba hatimin kamfani da shekarar ƙira. Tarawar Bahaushe ba haka take ba. Ba ya cewa yana tarawa, cewa yake yana ajiya, kuma darajar wuƙa a wurinsa ba ta ƙira ba ce kawai, ta hannun da ya riƙe ta ce. Gidan sarauta yana ajiye ta kakan da ya yi yaƙi, gidan fawa yana ajiye barhon da aka gada, maharba kuma idan sun haɗu sukan zaro nasu a gwada kaifi, a faɗi maƙerin da ya yi kowace. Magidanci ma yakan keɓe wuƙar layya, ba a taɓa ta sai ranar, a wasa ta tun da jijjifi nesa da idon dabba, kamar yadda addini ya koyar.

Tarawa irin ta Turawa ta taɓa ƙasar nan ta wata fuska. Dillalan kayan da, irin na Kasuwar Kurmi a Kano, sun daɗe suna bin gidaje suna sayen tsofaffin wuƙaƙe don baƙi masu yawon buɗe ido, har aka koma ƙera sababbi ana tsufar da su da hayaƙi da ƙasa. Wuƙar da ta fita ta wannan hanya takan isa inda za ta da kubenta da adonta, amma ba tare da sunan mai ita ba, ko na maƙerinta, ko kalmar da ake kiranta da ita a gidan da ta fito. A wurin mai nazarin harshe wannan ce babbar asarar. Magajin da ya sayar yana iya tuna cewa ta kakansa ce, sai dai da wuya ya san sunayen sassanta, ko ya bambanta dakushewa da dasashewa, ko ya faɗi dalilin da ya sa ake tsoma ruwan wuƙa cikin ruwa ko mai yana ja zur. Waɗanda suka san wannan a Kontagora su ne tsofaffin maƙera da dukawa da wanzamai, kuma kasuwarsu tana hannun wuƙaƙen ƙasar Sin masu ƙotar roba, waɗanda ake sayarwa a faifan ɗan koli tare da tocila da makulli.