Awartakin Cikin Kai da Mayen Ƙarfe

Ranar 23 ga watan Maris na shekara ta 1937, a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore na ƙasar Amurka, likitan fiɗa Walter Dandy ya buɗe ƙoƙon kan wani mutum ɗan shekara 43 wanda fatar idonsa ɗaya ta faɗo ta rufe. Abin da ya jawo haka kumburin jijiyar jini ne: wani wuri a bangon jijiyar ya yi rauni, jini ya yi ta tura shi har ya bunƙaro kamar ƴar jaka, jakar kuma ta danne jijiyar da ke ɗaga fatar ido. Irin wannan jaka in ta fashe, jini ya malala a gindin ƙwaƙwalwa, da yawa daga masu ita ba sa ko isa asibiti. Dandy ya ɗauki wani ɗan guntun azurfa mai buɗaɗɗen baki, ya maƙala shi a wuyan jakar, ya matse. Jini ya ci gaba da bin hanyarsa, jakar ta mutu, majinyacin ya tashi, daga baya ma idon ya buɗe.

Wannan guntun azurfa, wanda likitoci ke kira kilif, ɗan awartaki ne da ake bari a cikin kai har ƙarshen rayuwar mutum. Harvey Cushing, malamin Dandy, shi ya ƙirƙiro shi a 1911 domin tsayar da jinin ƙananan jijiyoyi lokacin fiɗa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: in an matse shi an matse ke nan, ba ya buɗuwa. Likitan da ya kuskure wuri ba shi da hanyar gyara. Saboda haka aka shiga neman awartaki mai sifirin, wanda za a buɗe, a ɗora, a duba, a cire, a sake ɗorawa. Azurfa taushi gare ta, ba ta wannan aiki, sai aka koma ga ƙarfen da ba ya tsatsa. A shekarun 1950 Frank Mayfield da maƙerinsa George Kees suka fito da nasu a Cincinnati. A shekarun 1960 Gazi Yaşargil, Baturken da ke aiki a Zurik ta ƙasar Suwis, ya shahara da fiɗa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ya kuma tsara awartakan da suka dace da ita. Charles Drake na Kanada ya zo da mai rami a tsakiya domin lafiyayyar jijiya ta ratsa ta ciki, Kenichiro Sugita na Japan kuma ya biyo baya da nasa samfurin a shekarun 1970.

Tambayoyin da waɗannan mutane suka yi wa ƙarfe guda uku ne: yana riƙo da ƙarfi, yana jure ruwan jiki ba tare da tsatsa ba, jiki kuma yana amincewa da shi? Ba wanda ya tambayi yadda zai yi in ya haɗu da mayen ƙarfe, kuma ba laifinsu ba ne, domin a lokacin babu asibitin da ke kwantar da mutum a cikin maganaɗisu. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa dangi ne mai yawa. Akwai wanda mayen ƙarfe ba ya kula shi, akwai wanda yake fizga kamar ƙusa, kuma da irin na biyun aka ƙera da yawa daga awartakan wancan zamani, saboda taurinsa na ba da sifirin mai kyau.

Ana cikin haka wani ilimi dabam na tasowa. A 1973 Paul Lauterbur ya nuna cewa ana iya ɗaukar hoto da maganaɗisu, Peter Mansfield na Nottingham a Ingila ya samo hanyar hanzarta aikin, su biyun suka raba kyautar Nobel a 2003. Na'urar da ta fito daga wannan bincike, wadda ake kira IRM da Faransanci, MRI da Ingilishi, ta fara shiga asibitoci a farkon shekarun 1980. Ruwa ne ya fi yawa a jikin ɗan Adam, a cikin ruwan kuma akwai ƙwayoyin haidirojin waɗanda maganaɗisu mai ƙarfi ke jerawa su fuskanci gefe ɗaya. Sai a kaɗa su da igiyar rediyo, a saurari amsar da suke bayarwa yayin da suke komawa, kwamfuta ta mayar da amsar hoto. Ga ƙwaƙwalwa ba a taɓa samun ido mai kaifi irin wannan ba. Sai dai na'urar da aka fi amfani da ita tana da ƙarfin tesla 1.5, wato kamar ninki 30,000 na maganaɗisun duniya da ke juya allurar kamfas, kuma a irin wannan na'ura maganaɗisun ba ya mutuwa, dare da rana, ko ana ɗaukar hoto ko ba a ɗauka.

Abu biyu maganaɗisu ke yi wa ƙarfe: yana jan sa, yana kuma murɗa shi ya daidaita da layinsa, kamar dai allurar kamfas. Murɗawar ce ta fi haɗari a nan, domin awartaki dogo ne siriri, bakinsa na cije da bangon jijiya. Tun 1983 masu bincike a Boston suka gwada kayan fiɗa iri-iri a gaban na'urar, suka ga wasu awartakan suna juyawa da ƙarfin da zai iya tsinke su daga mazauninsu. Da a ce an hana duk mai awartaki shiga na'urar, da magana ta ƙare. To amma su ne mutanen da suka fi kowa bukatar a duba ƙwaƙwalwarsu, ga shi kuma wasu samfuran, irin waɗanda aka ƙera da gaurayen kobal, ba su motsi ko kaɗan. Sai asibitoci suka dogara da jerin sunaye: wannan samfuri ya shiga, wancan kada ya kusanci ƙofa.

A 1992 aka ga iyakar wannan tsari. An kai wata dattijuwa ƴar shekara 74 ɗakin na'ura mai tesla 1.5 a Amurka. Ma'aikatan sun san tana da awartaki a kai, sun yi tambaya, aka shaida musu da baki cewa samfurin Yaşargil ne wanda ba ya amsa maganaɗisu. Ba ta kai ga shiga ramin na'urar ba ciwon kai mai tsanani ya sare ta, jini ya ɓalle a ƙwaƙwalwarta, ta rasu. Da aka binciki gawar sai aka tarar jijiya ta yage, awartakin kuma wani samfuri ne dabam, mai suna Vari-Angle, na ƙarfen da maganaɗisu ke ja. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a wannan shekara, likitocin kuma suka wallafa labarin a mujallar Radiology a 1993. Abin lura a nan, ba sakaci na rashin tambaya ba ne ya kashe matar. An yi tambaya, an sami amsa, amsar ce ba ta da takarda a bayanta.

Ko sunan samfuri ma bai wadatar ba. A 1996 Emanuel Kanal da Frank Shellock da abokin aikinsu suka ɗora awartakai fiye da 1,700, duka daga samfuran da aka ɗauka amintattu ne, a kan faranti na gilashi a bakin na'urar, sai 63 daga ciki suka ɗan juya. Juyin mai rauni ne, amma ya isa ya nuna cewa awartakai biyu masu suna ɗaya na iya bambanta, musamman waɗanda suka daɗe ana jujjuya su ana sake tsarkake su a ɗakin fiɗa. Daga tsakiyar shekarun 1990 titaniyom ya fara mamaye fagen. Maganaɗisu ba ya jan sa, kuma inuwar da yake jefawa a hoto ta fi ta kobal ƙanƙanta, abin da ke da muhimmanci tunda wurin da inuwar ke rufewa shi ne daidai wurin da likita ke son gani. A gefe guda kuma, hanyar Guido Guglielmi ta cusa zaren filatinom cikin jakar ta hanyar jijiyar cinya, wadda aka fara a farkon shekarun 1990, ta rage yawan masu bukatar a buɗe musu kai. A 2005 aka tsayar da alamomi uku na kayan da ake sa wa jiki: kore ga wanda ba shi da haɗari, rawaya ga mai sharaɗi, ja ga wanda aka haramta wa ɗakin. Awartakan yau a rukunin rawaya suke, wato ana ɗaukar hoton mai su a bisa sharuɗɗan da maƙerin ya rubuta, har da iyakar ƙarfin maganaɗisu.

Sabon ƙarfe bai cire tsoho daga kan mutane ba. Wanda aka yi wa fiɗa yana ɗan shekara 25 a 1980 yana iya zuwa neman hoto a yau da awartakinsa na wancan lokaci. A nan ne tarihin ya shafi ƙasa irin Nijar, inda aka daɗe ana tura masu manyan cututtuka jinya Faransa ko Maroko ko Tunisiya ko Indiya, su dawo gida da tabo a kai da ambulan na takardu cikin harshen da wataƙila ba mai karanta shi a gidan. Shekaru su wuce, a yi ƙaura, gara ta ci abin da za ta ci, sai ga likita a Yamai yana bukatar hoton IRM. Hoton rediyo zai nuna masa cewa akwai awartaki, ya nuna siffarsa, amma ba zai faɗi irin ƙarfen ba. Cewa an taɓa shigar da mutumin na'urar ya fito lafiya ma ƙa'idojin aikin ba su karɓe shi hujja ba, domin na'urori sun bambanta a ƙarfi da fuskar maganaɗisunsu. Abin da ake nema rubutu ne: rahoton fiɗa ko katin majinyaci mai ɗauke da sunan maƙeri da samfuri da irin ƙarfe. In ba a same shi ba, likita kan koma ga hoton sikana, wanda ba ya aiki da maganaɗisu, ko ya rubuta wa asibitin da aka yi fiɗar ya jira amsa.