Gyaɗa da Ribar Jirgin Ƙasa

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin shekarar 1911. Turawa sun sa rai auduga zai riƙa ɗauka, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi. Ita ce ta riƙe reluwe, ana jigilarta daga Kano da Nguru zuwa Ikko. Wani lokaci taragu su kasa kwashe buhuna, har a yi dala.

A 1964 jirgi ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 11, da kaya kusan tan miliyan 3. A 1974 kuwa kayan ba su kai rabin haka ba, gama manyan motoci sun ƙwace ciniki, fari kuma ya kashe gyaɗa. Riba ta juye hasara, sai Gwamnati ta shiga cike giɓi daga baitulmali.