Satar gida

satar gida (sáatàr gídáa) *sn.*, *mc.*, ba jam.

1. *ƙwallo:* laifin ɗan wasan da ya wuce masu tsaron baya ya tsaya kusa da raga kafin a bugo masa ƙwallo, sannan ya shiga wasan. Doka ta 11. Babu ita a jifa ko bugun kusurwa. *Mis.* Malam, kafaɗarsa ta wuce, ~ ce!

2. hukuncin alƙalin wasa kan wannan laifi, wanda na'urar VAR kan tabbatar ko ta soke. *Mis.* 'Yan gidan kallo a Ɗambatta sun kwana suna gardamar ~. An kashe ƙwallon da ɗan wasa Zungu ya jefa a ragar Najeriya a 2019 da sunan ~, VAR ta maido ta.

*Sigogi:* yi ~, busa ~, tarkon ~.

*Daidai da* satar fage. *Dubi* sata.