Haraji, Ƙodago da Harshe: Gadon NEPU da PRP a Idon Talakan Zamfara

Shekaru da dama, takarda ɗaya ce ta haɗa talakan ƙasar Zamfara da hukuma, wato takardar haraji. Magidanci a Katuru ko Zurmi kan naɗe ta ya cusa a cikin hula ko ya adana ta cikin ɗan zabira, domin idan ya nufi kasuwar Shinkafi ko ya tafi cin rani ba tare da ita ba, ɗan doka na iya tsare shi a hanya. Sau da yawa bai iya karanta abin da aka rubuta a kanta ba. Wannan 'yar takarda ta tattara tambayoyi huɗu da siyasar Arewa ta daɗe tana kokawa da su: nawa za a karɓa daga talaka kuma wa zai karɓa, mene ne darajar guminsa, wa zai koya masa karatu, sannan da wane harshe hukuma za ta yi masa magana. Jam'iyyar NEPU da magajiyarta PRP su ne suka fi kowa ɗaukar waɗannan tambayoyi da zafi. Sun amsa wasu, sun amsa rabin wasu, ta ƙarshen kuwa sun rayu a cikinta ba tare da sun mayar da ita doka ba.

Ba Turawa suka ƙago haraji a ƙasar Hausa ba. Tun kafin su ci Sakkwato a 1903 akwai kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da jangalin shanu da kuɗin karofi da sauran kuɗaɗen sana'a. Abin da gwamnatin Lugga ta yi, musamman da dokar kuɗin shiga ta 1906, shi ne ta dunƙule yawancinsu wuri ɗaya, daga bisani aka kafa baitulmali a masarautu, ana raba abin da aka tara tsakanin gwamnatin Turawa da En'e. Canjin da ya fi taɓa manomi shi ne na abin biya. An daina karɓar wuri da damen gero, sai tsabar kuɗin Bature, kuma lokacin biya yakan faɗo da kaka, daidai sa'ar da hatsi ya fi arha. Wanda ba shi da sule dole ya noma abin da kantunan Turawa ke saya. Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama ƙarshen hanyar jirgi kuma matattarar gyaɗa da auduga da fatu daga ƙasashen Zurmi da Shinkafi da kewaye. Wanda gonarsa ta kasa, sai ya ɗauki sanda da gora ya tafi neman kuɗin haraji a wata ƙasa. A lokacin yaƙin duniya na biyu kuwa, tsakanin 1942 da 1944, an riƙa kwasar maza daga lardunan Arewa a kai su haƙar kuza a Jos ala tilas, abin da mutane suka laƙaba wa suna ɗiban gwamna.

Yawan kuɗin ba shi kaɗai ne ciwon ba. Daga hakimi umarni ke saukowa kan dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, kuma a kowane mataki akwai ƙofar da ƙari zai iya shiga. Makiyayi na iya biyan jangalin shanun da suka mutu tun bara. Wanda ya ga an zalunce shi, gaban alƙali zai kai ƙara, alhali alƙalin da ɗan dokan da gidan yarin duk na En'e ne, wato na hukumar da yake ƙara. Wanda ya daki mutum shi ne kuma mai sauraren kukansa.

A cikin wannan hali aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, bisa jagorancin wasu matasa takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Abin da ɗan Zamfara ya kamata ya riƙe shi ne, a wannan rana Malam Aminu Kano yana ƙasarmu, yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru. A ƙarshen shekarar ya ajiye aikin ya rungumi siyasa gaba ɗaya, kuma a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. Ba a littafi kaɗai ya karanta rayuwar ƙauyukan lardin Sakkwato ba. Takardar manufofin jam'iyyar, wadda aka fi sani da shelar Sawaba, ta raba al'ummar Arewa gida biyu, masu riƙe da En'e a gefe ɗaya, talakawa a ɗaya gefen, ta kuma ce 'yancin talaka sai da hannun talaka zai samu. A aikace, 'yan NEPU sun riƙa gaya wa mutane cewa ba dole ba ne su yi noman gandun sarauta kyauta, ba dole ba ne su biya abin da ba ya cikin takarda, kuma suna da ikon neman a zaɓi 'yan majalisar En'e. Saboda waɗannan kalamai an ɗaure mutane da yawa, an yi wa wasu bulala. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga gidan yari har ya zama kamar ɗakinta na biyu. A garuruwan layin dogo irin su Gusau da Ƙauran Namoda, inda baƙi da 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgi suka cakuɗu, wannan kira ya fi saurin samun kunne fiye da cikin birnin Sakkwato.

Batun ma'aikata ma ta hanyar jirgi ya shigo. Babban yajin aikin 1945, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ya yi fice a cikinsa, ya ɗauki fiye da kwana arba'in, ya kuma nuna wa kowa cewa gwamnatin Turawa na iya durƙusawa idan masu gumi suka naɗe hannu. Malam Aminu da kansa, kafin ya zama ɗan siyasa, ɗan ƙungiya ne: yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman makarantu ta Arewa a 1948. Sai dai mai albashi tsiraru ne a Arewa. Ma'aikacin ƙasar Zurmi shi ne ɗan ƙodago da ɗan dako da mai cin rani da yaron mahauci. A ganina, babbar basirar NEPU ita ce ta ƙi tsayawa kan kalmar "ma'aikaci", ta ɗauko tsohuwar kalmar "talaka", wadda da can take nufin wanda ake mulka, ta mayar da ita sunan da mutum zai amsa da ƙarfin murya. Amma da aka zo ga doka, mai albashin ne ya ci riba. Gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi a Kano ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu a 1980, gwamnatin tarayya ta biyo baya a 1981. A wannan shekarar ce, bayan yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, aka kafa mafi ƙarancin albashi na naira 125 a wata. Yau ya kai naira 70,000 a takarda. Tun daga wancan adadi har zuwa wannan, babu wanda ya taɓa shafar mai yi wa wani noma da yini.

Abin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne na Oktoba 1979. Da hawansu mulki, Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Ƙasarmu a lokacin tana cikin jihar Sakkwato, ƙarƙashin Alhaji Shehu Kangiwa na NPN, amma labari irin wannan ba ya tsayawa a kan iyaka. Ba a daɗe ba sauran jihohin Arewa suka bi sahu, domin babu gwamnan da zai iya fuskantar zaɓe yana karɓar abin da maƙwabcinsa ya yafe. Jam'iyya mai jiha biyu kacal ta sauya wa dukan Arewa tsari, kuma ta yi haka duk da cewa ba ta jima ba ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, aka tsige Balarabe Musa a Yuni 1981, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, a tarzomar Kano ta 10 ga Yuli na shekarar.

Duk da haka, gaskiya ba ta son a faɗi rabinta. Kuɗin man fetur ne ya sa sokewar ta zo da sauƙi. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kason da ke saukowa daga tarayya ya fara rinjayar abin da ake tarawa a ƙauye. Hukumar da take rayuwa da haraji, komai zaluncinta, dole ta san adadin magidantan Katuru, ta san arɗon kowace ruga da yawan shanunsa, ta kuma damu idan gari ya watse, domin watsewarsa asara ce ga baitulmali. Hukumar da take jiran kaso a ƙarshen wata ba ta da wannan dole. Ba ina kukan rashin bulalar dogari ba ne. Wanda kakansa ya sha rana a ɗaure a ƙofar hakimi ba zai yi wannan kuka ba. Abin da nake nufi shi ne, manufar ta tsaya a rabin hanya. An cire hannun hukuma daga aljihun talaka, amma ba a gina wata hanyar da talaka zai sa idonsa cikin aljihun hukuma ba.

A fannin ilimi, abin da aka yi ya fi abin da aka faɗa. NEPU ta dage kan karatun mata tun lokacin da furta hakan kan jawo zagi, kamar yadda ta dage kan ba su ƙuri'a, abin da bai tabbata a Arewa ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970. A 1980 gwamnatin Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano, wadda ta farfaɗo da aikin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, har ta samu lambar yabo daga UNESCO. Da Hausa aka koyar da waɗannan azuzuwa, kuma wannan ne ya kawo mu ga tambaya ta huɗu.

Babu jam'iyyar da ta mori harshen Hausa kamar NEPU. Da waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja ta shiga zaurukan da jarida ba ta isa ba. A bakinta kalmomi irin su sawaba da 'yanci da danniya suka samu sabuwar ma'ana. A zamanin Rimi, kamfanin jaridar Triumph ya fito da Albishir da boko, ya kuma fito da Alfijir da ajami, wanda hakan amincewa ce cewa almajirin da ake kira jahili mai karatu ne. Amma a fagen doka an ɗauki batun harshe ta wata fuska dabam, wato wane harshe ne zai zama na ƙasa. Da aka kawo ƙudirin ɗaukaka Hausa a Majalisar Wakilai a Legas a 1961, Anthony Enahoro ya soke shi da kakkausar murya a madadin ƙananan ƙabilu. Tsoronsu ba na banza ba ne, kuma jam'iyyar da take ƙawance da NCNC, daga baya kuma da UMBC ta Joseph Tarka, ba za ta iya kau da kai daga gare shi ba. Abin da aka samu a ƙarshe shi ne sashe na 51 na tsarin mulkin 1979, wanda ya zama na 55 a na 1999: za a gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Fiye da shekara arba'in ke nan ana jiran tanadin.

Mutanen Ayalan sun bi ta wata hanya. Harshensu na gado, Gelik, masu magana da shi kullum kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da Hausa, amma tsarin mulkinsu na 1937 ya sa shi a matsayin harshen hukuma na farko, dokar 2003 kuma ta ɗora wa hukumomi nauyin amsa wa ɗan ƙasa da shi idan da shi ya rubuto musu. A Ayalan ta Arewa, jam'iyyar Sinn Féin ta sa dokar harshe cikin sharuɗɗan komawarta gwamnatin haɗin gwiwa da ta rushe a 2017, har aka samu dokar a 2022. Su sun ɗauki harshe a matsayin haƙƙin mutum ɗaya a gaban ofis, ba gasar fifiko tsakanin ƙabilu ba. Da an ɗauke shi haka a nan, da ba sai an ci da haƙƙin kowa ba: Bahaushe a Shinkafi ya samu nasa, mai Fulatanci ya samu nasa, Batibi a Gboko ya samu nasa. Ko maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, sun bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, wato harsunan takarda.

Ƙofar ba a rufe take ba. Sashe na 97 na tsarin mulkin 1999 ya yarje wa majalisar kowace jiha ta ƙara wani harshe da ake yi a jihar cikin ayyukanta, da ƙudiri kawai. Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996, tana cikin jihohin da kusan kowa ke jin Hausa, amma kundin kasafin kuɗi da takardun kwangila da Ingilishi ake tsara su. Manomin da PRP ta sauke wa haraji har yanzu ba zai iya duba nawa aka ware wa makarantar garinsu ba sai ya nemi mai fassara.

Haraji kuwa ya dawo ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, amma ba daga hukuma ba. A shekarun nan 'yan bindigar daji ne ke yanka wa gari kuɗi kafin a yi shuka, su sake yankawa kafin a yi girbi, a wasu wurare har su tilasta wa mutane noma musu gonaki, kamar dai aikin gandun da 'yan NEPU suka sha ɗauri a kansa. Ana raba kuɗin gida-gida, dattawan gari su tara su kai daji kafin wa'adi ya cika. Saƙon yakan zo ta waya ko ta bakin wanda aka sako, da Hausa tsantsa, kuma babu magidancin da ya taɓa neman a fassara masa shi.