Daga Asibitin Zana Zuwa Korona: Yadda Yarda Ta Zube a Kano

Duk lokacin da masu rigakafi suka shiga gari irin Lajawa a ƙaramar hukumar Wudil, wani magidanci ya ce ba za a taɓa masa yara ba, sai ka ji 'yan boko suna cewa jahilci ne. Ni ban yarda da wannan fassarar ba.

Tun zamanin Turawa mutanenmu ke ɗari-ɗari da asibiti, ga wanzami da mai magani a kusa. Amma a hankali aka saba. Dattawa da yawa har yau suna ɗauke da tabon lambar agana a damtse.

Abin da ya ɓata lamarin ya faru ne a 1996, lokacin da sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa. Kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Zana da ke Kano, ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani bincike da ya haɗa yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka kurumce ko suka nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Sai a 2000 jaridar Washington Post ta tona zancen, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara goma sha uku iyaye na jira!

Don haka da Dakta Datti Ahmad ya yi zargin an gurɓata maganin shan-inna a 2003, ya tarar da kunnuwa a buɗe, har gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin. Zargin bai tabbata ba, kuma yara ne suka biya kuɗinsa, domin cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama kafin a dawo da aikin a 2004 da maganin Indunusiya. Masu ɗora laifin kacokan kan malamai sun manta da tambayar da talaka ke yi: me ya sa ake bin shi har gida da ɗigon shan-inna kyauta, amma in zazzaɓi ya kwantar da ɗansa sai ya sayar da akuya?

Da korona ta zo a 2020, a watan Afrilu maƙabartun Kano suka cika, ɗakin gwaji na Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya na wasu kwanaki, asibitoci da dama suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Gwamnatin Ganduje ta fara danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce mutum 979 ne suka rasu, kuma mai yiwuwa rabi ko fiye da haka korona ce. Waɗannan hukumomin ne kuma suka dawo a 2021 suna roƙon jama'a su miƙa hannu a yi musu allura.