Dutsen Mars da ya faɗo a gonar Katsina

Jama'a, kun ga labarin dutsen nan na Nijar da aka yi gwanjonsa a kamfanin Sotheby's da ke New York a watan Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3? An tsince shi ne a yankin Agadas a watan Nuwamban 2023, nauyinsa ya kusa kilo 25, kuma masana sun tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Gwamnatin Nijar ta ce sai ta binciki yadda aka fitar da shi, har ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Mu nan Babban Mutum da iyakar Nijar ke bayan gidanmu mun yi ta muhawara a kai. Abin da ya ba ni mamaki, mutane da yawa ba su san cewa irin wannan ta taɓa faruwa a ƙasar Katsina ba, shekara 63 kafin wannan gwanjon.

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, Najeriya ba ta daɗe da cika shekara biyu da samun 'yanci ba. Wani manomi a Zagami, ta wajen Faskari, yana cikin gonarsa yana korar hankaki. Sai ya ji wata ƙara mai ƙarfi, iska ta buge shi, wani abu ya daki ƙasa tazarar da ba ta wuce ƙafa goma ba daga inda yake tsaye. Ya jira, don yana tsoron kada abin ya fashe. Da ya matsa, sai ya tarar da baƙin dutse cikin rami mai zurfin kamar ƙafa biyu. Kilo 18 ne. Ku ƙiyasta da a kansa ya sauka.

Aka kai dutsen ofishin binciken ma'adinai na Kaduna, aka ajiye. A lokacin ba wanda zai iya cewa daga Mars yake, ko a Turai. Sai da kumbunan Viking na Amurka suka sauka Mars a 1976 suka auna iskar can, sannan aka samu abin kwatance. A 1995 masana suka ba da rahoton cewa iskar da ta maƙale cikin ƙananan ƙwayoyin gilashi da ke jikin dutsen Zagami ta dace da ta Mars.

To yaya dutse zai baro wata duniya ya zo Faskari? Tsakanin Mars da Jupita akwai tarin duwatsu manya da ƙanana masu zagaya rana, kuma yawancin waɗanda ke faɗowa duniyarmu daga can suke. Wani lokaci babba daga cikin irinsu kan yi karo da Mars da ƙarfin da zai watsa ɓaraguzai sama har su kuɓuce. Dutsen Zagami ya daskare daga narkakken dutse kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, aka cillo shi kusan shekara miliyan 3 baya, ya yi ta gararamba a sararin samaniya kafin ya ƙare a gonar bawan Allah nan. Kuma kada a haɗa shi da gatarin aradu da tsofaffi ke nuna mana. Wancan hannun mutanen dā ne ya sassaƙa shi.

Inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ya biyo baya. Wani ɗan kasuwar duwatsu Ba'amurke, Robert Haag, ya samu babban yanki ta hanyar musaya, aka yayyanka aka shiga sayarwa giram-giram. Yau gutsattsarinsa na gidajen tarihi da ɗakunan bincike a ƙasashe da dama. Har ƙwaya ɗaya an liƙa a jikin kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996, wato an mayar da ita gida. Sunan Zagami ya shiga littattafan kimiyya, amma ɗan sakandare a Katsina ko Daura zai iya gama karatu bai ji labarin ba. Shi kuwa manomin, "wani manomi" kawai ake ce masa.

Ba Zagami kaɗai ba ce fa. Dutse ya faɗo a Kabo ta Kano a 1971, a Gujba ta Yobe a 1984, a Kilabo kusa da Haɗeja a 2002, sai kuma na wajen Maigatari a 2004, nan kusa da mu.

Saboda haka idan wata rana an ji rugugi da rana tsaka ba hadari, aka ga dutse mai baƙar fata kamar an ƙona shi, mai nauyin da ya fi girmansa, don Allah kada a farfasa shi a raba don magani, kada kuma a miƙa wa dillalin farko da ya zo da 'yan kuɗinsa. A ɗauki hoto a inda ya faɗa, a rubuta rana da lokaci da sunan mai gonar, a sanar da mai gari, sannan a nemi malaman ilimin duwatsu a jami'a, a Zariya ko Kano, su zo su gani.